Babanta Ya Ƙone Littattafan, Ita Kuma Ta Koma Karatu a Waya

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Garwa ta Kamaru, 'ya'yana huɗu, ɗinki nake yi a gida. 'Yata ta fari shekararta 12, tana aji biyu a lise, wato sakandare. Tun ina budurwa nake son littattafan Hausa na soyayya, irin waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano ta Yola. Da aka kawo ni gidan miji na zo da kwali guda cike da su, na tura ƙarƙashin gado na manta. Ashe yarinyar nan ta gano shi tun bara. Ba wanda ya koya mata karatun Hausa, ita kaɗai ta yi ta haɗa baƙi har ta iya. Watan jiya babanta ya tashi cikin dare ya hango haske a gidan sauronta, ya same ta da tocila da littafi. Shi ya yi zama a Mubi, yana karanta Hausa. Yana buɗewa sai ya faɗa kan shafin da ake kai amarya ɗakin miji. Ya mare ta, ya fito da kwalin tsakar gida ya zuba kananzir ya cinna wuta, ya ce in ya ƙara gani zai cire ta daga lekol ya yi mata aure tun ba ta jawo mana abin kunya ba. Na kasa buɗe baki in ce nawa ne. Ya ɗauka ƙawaye ne suka ba ta, ita kuma ba ta tona ni ba. Tun ranar ta daina hira da kowa. Sai shekaranjiya na gano cewa in ta je gidan ƙanwata tana karɓar wayar 'yarta mai shekara 16 tana karatu a wani guruf na WhatsApp da ake turo littattafai. Na duba, wallahi Gwaggo ko ni mai 'ya'ya huɗu sai da na rufe ido, ga kuma lambobin maza a ciki. Da na tambaye ta sai ta ce ƙarshen labarin da aka ƙone take nema, na uku. Karatunta lafiya lau, ita ke zuwa ta biyu ko ta uku a aji, ba ta wasa da sallah, tana zuwa Islamiyya. Amma ina tsoro. Ko ta riga ta lalace? Laifina ne? In faɗa wa babanta zancen wayar ko in rufe? Kuma 'yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, ta ina zan fara irin wannan magana da ita?

Wata uwa, Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da tambayar da na san ita ke hana ki barci, sauran su biyo baya. 'Yarki ba ta lalace ba. Ba lallashinki nake yi ba, cikin wasiƙarki na tsinci hujjata. Yarinyar da ke zuwa ta biyu ko ta uku a aji, ba a tashinta sallah da tsawa, aka mare ta a kan kayan da ba nata ba ta haɗiye ba ta ambaci uwarta ba, sannan da kika ritsa ta a kan waya ta gaya miki gaskiya, wannan ba siffar ɓatacciya ba ce. Ga kuma koya wa kanta karatun Hausa da ta yi. A nan wajenmu da yaro ke tashi da Faransanci a lekol, Fulatanci a kasuwa, Larabci a allo, manya nawa ne a unguwarku za a miƙa wa littafin Hausa su bi shi har bangon baya? Allah ya ba ki mai kaifin kai mai naci. Irin waɗannan yaran duk abin da ke da rubutu sai sun karanta shi, ko da takardar da aka ƙunso ƙosai ce.

Akwai abin da muke mantawa da zarar mun girma, wato yadda yaro ke karanta littafin manya. Ba irin karatunmu yake yi ba. Babanta ya buɗe shafin kai amarya ya ga duk abin da magidanci ya sani game da wannan dare. Ita kuwa abin da ya dame ta daban ne: ko yarinyar labarin za ta kuɓuta daga tsohon da aka ba ta, ko asirin kishiyar uwa zai tonu, ko saurayin da ya tafi karatu zai dawo kafin a ɗaura. Inda marubuciya ta saki labule ta ce gari ya waye, ita ma labulen kawai take gani, domin rubutu da abin da ke cikin kan mai karatu yake aiki. Nan ya sha bamban da bidiyo, wanda ke zuba wa ido komai ko an shirya ko ba a shirya ba. Shi ya sa za ki ji mace ta sake ɗaukar littafin da ta karanta tana ƙarama, ta riƙe baki tana mamakin abin da ke ciki wanda sam ba ta lura da shi ba a wancan lokacin. Ke kanki shaida ce. Kina shekara nawa kika fara? Ai ba ki jira aka shafa fatiha ba. Ga ki yau a ɗakinki da sana'arki, har kina rufe ido in kin ci karo da abin da bai kamata ba.

Kuma kada mu yi kamar al'adarmu ta rufe wa yara zancen manya ruf. Ba kin ce tana zuwa Islamiyya ba? Yaran da ke karanta Ahalari suna bi ta babin wankan janaba da haila da jinin biƙi tun abubuwan ba su same su ba, malam na fassarawa, su kuma sun sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya cikin hijabi. Suratu Yusuf, wadda Alƙur'ani ya kira labarinta mafi kyawun labari, a cikinta ne matar Azizu ta kulle ƙofofi ta nemi saurayin da ke gidanta, kuma yara 'yan shekara 10 na haddace ta. A makarantun allonmu ba a tsallake surar a ce sai an balaga. Abin da magabata suka tanada shi ne babba a kusa, mai fassara, mai amsa tambaya, mai cewa wannan ya yi daidai wancan ya kauce. To nan ne 'yarki ta yi rashi. Shekara guda tana karatu cikin gidan sauro, ba wanda za ta juya ta ce wa, me wannan ke nufi?

Sai dai kada ki ji na faɗi haka ki ɗauka duk rubutu ɗaya ne. Abin da ke cikin kwalinki da abin da kika gani a waya, hanyar jirgi daban ta mota daban. Littattafan da kika tara sun fara yawaita ne a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, kuma da yawansu mata ne suka rubuta su, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa. Abin da ke ci musu rai shi ne auren dole, cire yarinya daga makaranta, zaman kishi, saki ba gaira ba dalili. Sunan marubuciya na nan a bango. Ta san mijinta zai gani, surukanta za su gani, malaman gari za su gani, don haka akwai iyakar da ba ta tsallakewa. Ban ce duk tsarkakakku ba ne. Akwai masu cusa wa yarinya cewa aure shi ne gidan bene da mota da miji kyakkyawa wanda bai taɓa dawowa gida a gajiye ba, kuma ni a ganina wannan ruɗin ya fi shafin kai amarya ɓarna, don shi ke bin yarinya har ɗakinta ya hana ta ganin alherin mijin da Allah ya ba ta. Wannan ma da hira ake warware shi.

An taɓa gwada wuta a kansu. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, gwamnatin Kano ta ƙone irin waɗannan littattafai a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya. Karatun bai tsaya ba. Da waya ta shiga hannun kowa sai rubutun ya koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, inda babu maɗaba'a, babu mai tacewa, sau da yawa ma babu sunan gaskiya. Akwai marubutan kirki da yawa a can, kada a ci zalinsu. Amma akwai masu sayar da labari shafi-shafi, sai ka biya a saka ka a guruf, kuma sun gano batsa ta fi saurin kawo ciniki. Ke kin san yadda littattafanmu suke zuwa, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne an yanke shi daidai inda zuciya ke rataye. Wuta ta ci na uku yarinya ba ta kai ƙarshe ba. Neman ƙarshen labari mai ɗan kunya ne ya kai ta inda babu kunya ko kaɗan.

Ko batsar ma ba ita ta fi ba ni tsoro ba. Lambobin mazan nan ne. Littafi ba ya turo saƙo da tsakar dare, ba ya tambayar yarinya wace unguwa take, ba ya cewa turo hotonki in gani. Mutum ke yin haka. A guruf na WhatsApp kowa na ganin lambar kowa, kuma akwai masu shiga ba don karatu ba, sai don su tsinci ƙananan 'yan mata waɗanda suka san suna ɓoye wa iyayensu wani abu. Yarinyar da ke tsoron mari ita ta fi sauƙin kamu, domin duk abin da ya same ta ba za ta kawo shi gida ba.

Saboda haka aikin farko na wayar ne, kuma na yau ne, ba na gobe ba. Ki je gidan ƙanwarki ku zauna ku biyu da wayar. Kafin ku fita daga guruf ɗin ku duba ko akwai wanda ya bi yaran ta gefe da saƙo, ku duba hotunan da aka tura da saƙonnin murya. In ba kowa, alhamdu lillahi, ku fita ku goge abin da aka sauke. In kuwa kun ga babban mutum na neman yarinya, kada ku goge komai cikin fushi. Ku ɗauki hoton saƙonnin ku adana, ku toshe lambar, ku kai wa 'yan sanda ko jandarma ko ofishin kula da jin daɗin jama'a. Wannan ya wuce a kashe shi a gida, kuma tun 2023 Kamaru na da doka ta musamman kan kare yara a intanet. 'Yar ƙanwarki mai shekara 16 ita ma yarinya ce, kada ku mayar da ita uwar laifi. In kuka ci mutuncinta, abin da za ta koya kawai shi ne ƙara wa wayar makulli. Ku jawo ta cikin gyaran, ku ce mata ke ce babba, ƙanwarki amana ce a hannunki. Ita kuma taki, akwai hujjar da ba ta da zargi a ciki: kamfanin WhatsApp da kansa ya ce sai mai shekara 13 zuwa sama, ita ko nan ba ta kai ba.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi miki daɗi ba. Kin tambaya ko laifinki ne. Ajiye kwali a ƙarƙashin gado ba wani laifi ba ne, in ma sakaci ne ƙarami ne. Shirun da kika yi daren wutar shi ke neman gyara. Na san dalilinki: dare ne, namiji ya hau, ga kananzir a hannunsa, ba lokacin ja-in-ja ba ne. Amma ki tsaya inda yarinyar ta tsaya. An mare ta, an ce ƙawayen banza ne suka ba ta, ta ɗago ta kalli uwarta, uwar ta sunkuyar da kai. Shirun da take yi tun ranar, ina kyautata zaton rabinsa na babanta ne, rabi naki. Ta rufa miki asiri tana shekara 12, kuma wannan kaya ne da bai kamata ya ƙara kwana a kanta ba.

Ba sai kin shimfiɗa tabarma kin kira taro ba. Mu ba mu saba zama ido cikin ido da 'ya'yanmu ba, balle 'yar fari, balle mu da muke zaune cikin Fulani muka ɗora kunyarsu a kan tamu. Ki kira ta ta taya ki aiki. Ta riƙe miki bakin atamfa kina yanka, ko ta zauna gefen keke tana kalmasa bakin zane, idon kowa na kan hannunsa. A nan ki ce, “Littattafan nan nawa ne, na san kin sani. Ya kamata in faɗa ran nan, ban faɗa ba. Allah ya yi miki albarka.” Ya isa haka. Kada ki jira amsa, kada ki yi mamaki in ta yi kamar ba ta ji ba, ta ji sarai. Bayan kwana biyu ki tambaye ta wane labari ne take neman ƙarshensa. Ke kin karanta shi, ƙila ba sau ɗaya ba. Ki ba ta ƙarshen da bakinki, ki ja shi dare biyu ko uku in kin ga dama, ki saki labule inda ya kamata a saki. Kin kashe dalilin zuwa waya ke nan, kin kuma sami hanyar tambaya: wa ya fi burge ki a ciki? Da ke ce ita, me za ki yi? Daga amsoshinta za ki gane iyakar abin da ta fahimta, kuma ina jin za ki sami sauƙi a ranki fiye da yadda kike zato.

In hira ta kankama sai ki taɓo na wayar, sau ɗaya, a hankali: kin ga wani abu a can da ya dame ki? In ta ce a'a ki bar ta, ki ce duk ran da take son tambaya ba duka ba zagi. Ki gaya mata a taƙaice cewa masu wancan rubutun kuɗi suke nema, ba haka zaman aure yake ba, kuma duk namijin da ya turo wa yarinya irin wannan zance mugu ne ko da ya iya sallama. Ga kuma zancen haila, don mai shekara 12 ko ta fara ko tana gab da farawa, gara ta ji daga gida. In kunyar ta fi ƙarfinki, ba aibu ba ne ki wakilta. Kaka ita ce ta farko da zan zaɓa, domin wasan jika da kaka na buɗe bakin da uwa ba ta iya buɗewa. In babu, gwaggonta ko wata malamar Islamiyya mai hankali. Ki dai zaɓi mai riƙe magana, ba wadda za ta kai zancen gidan suna ba. Amma neman afuwar nan ta farko ba a wakilta ta, taki ce.

Ki kuma sa ido, ba na tuhuma ba. Firgita cikin barci, ƙin zuwa gidan da a da take ɗokin zuwa, tsoron wani mutum takamaimai, fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina, kuɗi ko kyautar da ba ki san tushensu ba, maki ya faɗi ba dalili. In kin ga irin waɗannan kada ki ɗora wa littafi, mutum za ki nema, ki kuma kai ta wurin likita ko ungozoma da kika yarda da ita. Ba abin da ke cikin wasiƙarki da ya nuna haka, na faɗa ne don ki san inda za ki duba.

Shi kuma maigida, kada ki rubuta shi azzalumi a ranki. Uba ne da ya farka cikin dare ya ga 'yarsa ta fara girma, ya tsorata. Yana jin labaran unguwa a majalisa da ƙofar masallaci, an kuma rene shi a kan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da kika gani a waya ya nuna haɗarin da yake tsoro gaskiya ne. Inda ya kuskure shi ne wurin da ya nemi haɗarin da irin maganin da ya ɗauko. Marin bai dace ba, wutar kuma ta kora yarinyar daidai inda yake gudun ta je.

In faɗa masa ko in rufe? Ki faɗa. Garwa ba ta kai girman da zance zai ɓace a cikinta ba, in ya ji a bakin mijin ƙanwarki laifi ya zama biyu, kuma zai daɗe bai ƙara yarda da ke a kan yara ba. Amma ki fara gama aikin wayar, don ki zo masa da matsalar an riga an ɗaure bakinta. Ki tura yarinyar wurin kakarta kwana biyu. Ki zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi, ba ranar da kasuwa ta ƙi ba, ki fara da naki: “Malam, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Kwalin nan nawa ne, tun na gidanmu.” Ƙila ya yi faɗa, ki daure. Ribar ita ce zargin ƙawayen banza zai sauka daga kan yarinyar, zai kuma ga cewa matar da yake zaune da ita lafiya tsawon shekarun nan ita ma ta karanta su. Sannan ki kawo zancen wayar da abin da kuka riga kuka yi, ki roƙe shi abu ɗaya: ya bar miki wannan ɓangaren zuwa ƙarshen zangon karatu, in bai ga canji ba ku sake zama. In kin san hannunsa na da sauri, kada ki shiga ke kaɗai. Ki fara bi ta wurin mahaifiyarsa ko yayarsa ko malamin da yake jin nauyi, su kasance a wurin.

Zancen aure kuwa, yawanci fushi ne ke magana, amma kada ki bari ya yi ta kwana a gida har ya rikiɗe ya zama shawara. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016, sashe na 356, ta tanadi ɗauri ga wanda ya aurar da yaro ko yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba. Ban ce ki buɗe masa doka a fuska ba, namiji in aka yi masa barazana taurin kai yake ƙarawa. Ki dai riƙe a ranki, ko da wani dangi zai zo yana zuga. Abin da zai fi taɓa shi shi ne takardar sakamakonta. Ki ajiye masa ita a gaba, ki tuna masa cewa gaba akwai manyan jarrabawoyin sakandare, BEPC da Probatoire da Bac, duk da rubutun insha'i da nazarin adabi a cikinsu, kuma lise da kanta za ta ɗora mata littattafan da ke zancen aure da kishiya da zaluncin mulkin mallaka. Yaron da ya saba da dogon karatu tun yana ƙarami, a nan yake cin ribarsa.

Wanda ya saba karatu ba ya dainawa don an hana shi, maɓoya kawai yake canzawa. Don haka ki cika mata hannu. Ki sa masu zuwa Yola ko Kano su sayo Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kashi uku ne, an yi shi ne tun shekarun 1930 don 'yan makaranta, da Ruwan Bagaja nasa, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace zamanin bauta da uwar da ta bi sawunsa cikin hamada. Akwai baƙin ciki a ciki irin na manya, amma ba abin da zai sa ki rufe ido. Ki haɗa da tarihin annabawa da na sahabbai mata. Dare Dubu da Ɗaya dai kada sunan tatsuniya ya ruɗe ki, akwai wuraren da ba na yara ba ne. Na Faransanci kuwa, ta tambayi malaminta, ku kuma leƙa ɗakin karatu na Alliance Franco-Camerounaise da ke nan Garwa, da masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a kasuwa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk littafin labari ke za ki fara bi ta cikinsa. Wanda ya dace ki miƙa mata. Wanda bai dace ba tukuna ki faɗa mata dalili da lokaci, ki ce wannan sai kin gama BEPC. Yaro ya fi iya biyayya ga “ba yanzu ba” a kan “har abada”. Misali, Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa ce nan kusa da mu, an aurar da ita tana shekara 17, ta rubuta littafi kan auren dole da haƙurin da ake ɗora wa mata, har ɗaliban lise na Faransa suka zaɓe shi ya ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a 2020. Littafi ne mai daraja, amma akwai duka da cin zarafin ɗaki a cikinsa, ni ba zan ba mai shekara 12 ba. Bayan shekara huɗu ko biyar zan ba ta, mu kuma zauna mu tattauna. Na soyayyar Hausa ma haka, in maigida ya sauko, ki zaɓo masu kamun kai ku riƙa bi tare. Karatu ya dawo rana, a tsakar gida, tocila ta koma wa aikinta. Ki sa ta riƙa karanta miki a bayyane kina ɗinki, ƙannenta na saurare. Ke kin sami abokiyar hira, ita ta sami mai tambaya.

In maigida ya kafe ya ce ba littafin labari ko ɗaya a gidansa, kada ki koma shigo da su a ɓoye, an riga an ga inda ɓoyo ya kai ku. Ki fara da abin da ba zai iya ƙi ba, na makaranta da na addini, sannan ki ba shi matsayi a ciki. Tunda yana karanta Hausa, ki ce shi ya zaɓo mata da hannunsa in ya yi tafiya, ya duba ya tabbatar. Uban da ya sayo littafi da kuɗinsa da wuya ya cinna masa wuta, kuma ita ce hanyar da maza da yawa ke ba 'ya'yansu haƙuri ba tare da sun furta ba.

Ki sake rubuto mini bayan an ba da sakamakon wannan zangon, ki gaya mini yadda kuka yi da shi. Amma in kun buɗe wayar nan kun tarar da saƙon wani namiji zuwa ga yaran, kada ki jira amsata, ku tafi a ranar. Allah ya shirya mana zuri'a, ki gaishe mini da ita.